Wa zai riƙa wa baƙon gona lissafi a Gaya?

Duk shekara, idan lokacin dashen shinkafa ko saran rake ya yi, ƙasar Gaya takan cika da baƙi. Wasu daga Arewa da Zabarmaganda suke saukowa, wasu ta Kamba suke shigowa daga jihar Kebbi, wasu kuma suna zarcewa Malanville da gonakin audugar arewacin Benin. Su ne ke duƙawa cikin taɓo a fadamun Tara da dausayin Dallol Mauri, amma ba su da kujera a taron kowa.

Dalilin a fili yake. A gandayen noman rani da hukumar ONAHA ke kulawa da su tun kafa ta a 1978, mai fili ne ke zama ɗan koperatif. Ɗan ƙodago ba shi da fili, saboda haka ba shi da murya. Jingarsa da baki ake yanke ta. In an yi gardama ranar biya, mai gona na da dangi da mai unguwa, shi kuwa baƙo sai Allah ya isa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Gaya zuwa Malanville, masu cin rani suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa, kuɗin hanya ya ƙara cinye ɗan abin da suka tara.

Ina ƙungiyoyin al'adu suke a wannan lamari? Suna can suna shirya dare na rawa da wasan kwaikwayo, ana jawabi a kan karamcin kakanni. Malaman makaranta kuma suna kukan samari sun lalace da zaman fada da shan shayi. Wannan kuka ya ishe mai ji. Saurayin da ba a ba shi aiki mai nauyi ba, ba a isa a zarge shi da lalaci ba.

Ga aiki nan kuwa a ƙofar gida. Ɗalibin sakandare a Gaya yana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa, ya iya rubutu, yana da salula. Yana iya zama tafinta sa'ad da ake yanke jinga, ya rubuta ranar da aka fara aiki, da faɗin fili, da kuɗin da aka shirya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Fada guda tana iya riƙe littafin unguwa guda, ta nuna wa baƙo hanyar asibiti, ta taimaka masa kafa asusun taimakon juna.

Za a ce masu gonakin iyayen samarin ne, kuma yawancinsu talakawa ne masu ɗan guntun fili da bashin taki a wuya. Gaskiya ne. Sai dai rubutacciyar jinga tana kare mai gona daga wanda zai ci kuɗin kafin alƙalami ya gudu, kamar yadda take kare baƙo daga mai tauye lada. Wanda bai da niyyar cuta ba ya tsoron shaida.

Za a kuma ce a farfaɗo da Samariya. Samariyar zamanin Seyni Kountché ta gina azuzuwa ta yi gayya, amma daga sama umarni ke zo mata, shi ya sa ta watse tare da mulkin da ya raine ta a farkon shekarun 1990. Darasin da ya fi dacewa yana Delano ta ƙasar Amurka. A 1965 baƙin ma'aikata ƴan Filifin ne suka fara yajin aiki a gonakin inabi bisa jagorancin Larry Itliong, ƙungiyar Cesar Chavez ta shigo daga baya. Ɗalibai suka bi gari gari suna roƙon jama'a su ƙaurace wa inabin, har masu gonaki suka sa hannu a 1970. Ma'aikata ne suka ja gaba, samari suka yi hidima.

Haka ya kamata a yi a Gaya: baƙi su zaɓi wakilansu, samari su riƙe alƙalami, malamai su buɗe aji guda da yamma domin taro. Ƙungiyar da ke da kuɗin hayar makaɗa ba za ta rasa kuɗin littafi da biro ba. Kafin dashe mai zuwa, kowace ta faɗa wa jama'a unguwar da ta ɗauka.