Buɗe Murfin Agogo Kafin Ka Faɗi Shekarunsa

Wannan makon zan ɗauke ku daga teburin rubutu zuwa teburin masu tara tsofaffin agogunan aljihu na Amurka, domin suna da wata ɗabi'a da nake ganin muna matuƙar buƙatarta.

Idan aka miƙa wa masanin waɗannan agoguna wani tsohon agogo, ba ya ɓata lokaci wajen kallon ƙyallin gidansa. Juya shi yake yi, ya buɗe murfin baya, in akwai na biyu shi ma ya buɗe, har sai ya ga injin. A jikin injin akwai lambar da aka zana tun daga masana'anta. Ita yake nema.

Dalili kuwa shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, mai ƙera inji daban, mai ƙera gida daban. Kamfanoni irin su Waltham, da Elgin da aka kafa a 1864, da Hamilton da aka kafa a 1892, injin suke yi, bisa girman da aka daidaita, kamar mai lamba 16 da mai lamba 18. Gidan kuwa aikin wasu ne, irin su Keystone da Dueber. Mai saye zai shiga kanti ya zaɓi inji, ya zaɓi gida daidai ƙarfinsa, mai kanti ya haɗa masa. Gidan ma yana da tasa lambar, kuma nan ne sabon shiga ke yin tuntuɓe: ya ɗauki lambar gida ya je neman shekarar inji. Ga shi kuma gida yana tsufa a canza shi, na zinariya a narkar da shi. Wani agogon ma sunan mai kanti ne a fuskarsa.

Da lambar inji a hannu sai a koma kundin kamfani. Elgin ya fitar da injinsa na farko a 1867 da lamba 101, lambobin suka yi ta hawa har miliyoyi. Kundin zai nuna ajin injin, da girmansa, da yawan ƙananan duwatsun da ke rage gogayya a cikinsa, ko 7 ne, ko 17, ko 21, da kuma lokacin da aka ƙera shi. Masanin kirki cewa yake "wajen shekara kaza", saboda rukuni-rukuni ake ware lambobin, kuma inji kan daɗe a ajiye kafin a sayar. Daga nan sai ya gwada abin da kundi ya faɗa da abin da idonsa ke gani. Idan sun saɓa, to ko an karanta lambar ba daidai ba, ko an yi haɗe-haɗe, ko jabu ne.

Kada ku ɗauka wasa ne. Bayan haɗarin jiragen ƙasa biyu a Kipton ta jihar Ohio a 1891, wanda aka danganta da tsayawar agogon wani ma'aikaci, an tsaurara ƙa'idar agogon ma'aikatan jirgi: kada ya yi gaba ko baya fiye da daƙiƙa 30 a mako. Irin wannan agogo ya fi daraja a kasuwa yau, don haka kowane dillali so yake ya ce nasa na jirgin ƙasa ne. Lamba ce ke raba gardama.

To, mu dawo gida. Ɗauko littattafan soyayyar da aka buga a Kano daga shekarun 1980 zuwa sama, ka duba nawa ne ke ɗauke da shekarar bugu. Da yawansu babu. Wasu an sake buga su da sabon bango, ba a ce bugu na biyu ba ne. Yau kuma labari kan bar hannun marubuciya ya ratsa zaure goma a waya, kafin ya dawo an cire sunanta. Ni kaina na taɓa cin karo da gajeren labarina da sunan wani a ƙasa, kuma ban da wata shaida sai "wallahi ni na rubuta".

Na san wani zai ce ai labari ake karantawa, ba lamba ba. Gaskiya ne, lamba ba ta sa rubutu daɗi, kamar yadda ba ta faɗa maka wanda ya riƙe agogon ko abin da ya ji ranar da ya saye shi. Amma ranar da aka yi jayayya kan wanda ya fara, ko ɗalibi ya zo binciken tarihin adabinmu bayan shekara hamsin, daɗin labari ba zai amsa tambayar ba.

Shawarata ita ce kowannenmu ya buɗe kundinsa. Littafin rubutu guda ya isa: lamba, sunan aiki, ranar farawa, ranar gamawa, inda aka fara fitar da shi. Ka sa sunanka da shekara a cikin rubutun kansa, farko da ƙarshe, kada ka tsaya kan hoton bango, domin bango kamar gidan agogo ne, cire shi ake yi. In za ka buga littafi, ka nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka kai musu kwafin ajiya, ka kuma rubuta ko bugu na nawa ne.

Ina jiran ra'ayoyinku. Amma kafin ka amsa, gwada tuna ranar da ka gama labarinka na farko. In ka kasa, yau ka sayi littafin nan.