Furanni a jirgin ƙasa, shekara 16 a gidan yari

Ranar 8 ga Maris, 2019, ranar da duniya ta keɓe wa mata, wasu mata uku suka shiga taragon mata na jirgin ƙasan birnin Tehran, furanni a hannu, kai babu ɗankwali. Suka riƙa bin fasinjoji suna miƙa wa kowace mace fure. Yasaman Aryani ce da mahaifiyarta Monireh Arabshahi, sai Mojgan Keshavarz. Bidiyon ya bazu a intanet, kuma kafin watan Afrilu ya ƙare duk ukun suna hannu. Kotun juyin juya hali ta yanke wa uwa da 'ya ɗaurin shekara 16 kowacce, Keshavarz kuwa shekara 23 da rabi. Mafi nauyin tuhumar ita ce wai suna ingiza jama'a ga fasadi da karuwanci. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin, an kuma saki uwar da 'yar a Fabrairun 2023, amma kusan shekara huɗu na rayuwarsu sun riga sun tafi.

Idan irin wannan labari ya iso teburin mai shayi a Kano ko Damagaram, amsar a bakin mutane take: 'yan koren Turawa ne, Amurka ce ke hura wutar. Mai wannan magana ba mahaukaci ba ne. Amurka da Ingila ne suka shirya kifar da gwamnatin Mohammad Mossadegh a 1953 bayan ya ƙwace man fetur ɗin Iran daga hannun kamfanin Ingila. Takunkumin da aka daɗe ana ƙaƙaba wa ƙasar talaka ya fi ji a jikinsa. Wanda kuma ya ga yadda manyan ƙasashen Yamma suka kau da kai daga matan Gaza yana da hujjar yin tsaki idan ya ji suna kukan matan Tehran.

Sai dai munafuncin baƙo ba ya wanke laifin mai gida. Kuma wannan tambari na 'yan kore ba ya zama a goshin da yawa daga cikin matan da aka ɗaure.

Fatemeh Sepehri, alal misali, mutuniyar Mashhad ce, birnin da hubbaren Imam Rida yake. Ba ta fita sai da baƙin lulluɓin nan mai rufe jiki gaba ɗaya da Iraniyawa ke kira chador. Mijinta a yaƙin Iran da Iraƙi ya rasu, wato matar shahidi ce a ma'aunin gwamnatin kanta. A 2019 ta sa hannu a wasiƙar da ke neman jagoran ƙasar, Ayatullah Khamenei, ya sauka. Aka kama ta a Satumban 2022, aka yanke mata shekara 18. Faezeh Hashemi, 'yar tsohon shugaban ƙasa Akbar Hashemi Rafsanjani, ɗaya daga cikin ginshiƙan juyin juya halin 1979, ita ma mai chador ce, tsohuwar 'yar majalisa, kuma ta daɗe tana cewa bai dace a tilasta hijabi da ƙarfin doka ba. An yanke mata shekara 5 a farkon 2023. Sedigheh Vasmaghi kuwa malamar fiƙihu ce da ta shekara da shekaru tana rubutu kan hukunce-hukuncen mata. Ta cire ɗankwalinta don nuna adawa da tilastawa, aka kai ta gidan yarin Evin a Maris na 2024 duk da cewa idanunta sun kusa daina gani. Mutum na iya saɓa wa fahimtarta, malamai da yawa ma sun saɓa. Amma saɓanin fiƙihu da hujja ake warware shi, ba da gandiroba ba.

Kan mace a Iran ya daɗe yana zama filin daga na masu mulki. A 1936 Sarki Reza Shah ya haramta lulluɓi, 'yan sanda suna fizge mayafi daga kan mata a titi, har wasu tsofaffi suka gwammace su kulle kansu a gida tsawon shekaru. Bayan 1979 sandar ta juya: dokar 1983 ta tanadi bulala har 74 ga wadda ta fito ba hijabi. Mai sandar ne ya sauya, kan da ake duka bai sauya ba.

Musulmin Najeriya sun san ɗacin wannan ta ɗaya gefen. A Disamban 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita da abinta. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas haƙƙin sa hijabi. Hujjar da aka yi nasara da ita ita ce hukuma ba ta da hurumin shiga tsakanin mace da abin da ta yi imani da shi game da suturarta. Wanda ya yi murna da wannan hukunci zai sha wuyar bayyana dalilin da zai sa ya tafa wa alƙalin da ya ɗaure Yasaman.

Kuma ba maganar ɗankwali kaɗai ba ce. A 2006 wasu mata suka ƙaddamar da gangamin tattara sa hannu miliyan ɗaya, suna bi gida-gida, suna neman majalisa ta gyara dokokin saki, riƙon 'ya'ya da shekarun aure. Takarda da biro ne makaminsu, amma aka kama gommai daga cikinsu. Lauya Nasrin Sotoudeh, wadda ta tsaya wa matan da aka gurfanar kan cire ɗankwali, ita kanta aka yanke mata shekara 33 da bulala 148 a 2019, ƙari kan wasu shekara 5 da aka riga aka ɗora mata. Ƙasar da ke ɗaure lauya saboda wanda ya kare ta sanar da kowa irin shari'ar da za a yi. Haka da Mahsa Amini, 'yar shekara 22, ta rasu ranar 16 ga Satumba, 2022, kwana uku bayan 'yan sandan kula da ɗa'a sun kama ta, 'yan jarida mata biyu da suka fi fito da labarin, Niloofar Hamedi da Elaheh Mohammadi, suka shafe fiye da shekara guda a tsare. Hukuma ta ce ciwo ne ya kashe Mahsa; kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dukan da ta sha a hannun jami'ai ne sanadi.

Masu iƙirarin ceto daga waje su ma sun nuna irin tausayinsu. A Yunin 2025 Isra'ila ta jefa bam a gidan yarin Evin, inda yawancin waɗannan mata suka yi zaman kaso, aka kashe fiye da mutum 70, har da fursunoni da 'yan uwan da suka zo ziyara.

A wannan gidan yari Narges Mohammadi take lokacin da aka sanar da ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a Oktoban 2023, shekara 20 bayan Shirin Ebadi, wadda suka yi aiki tare a cibiyar kare haƙƙin ɗan'adam, ta karɓi tata. Kwamitin kyautar ya ƙirga mata kamu 13, hukunci 5, jimillar ɗaurin shekara 31 da bulala 154. Kimiyyar fiziks ta karanta, aikin injiniya ta yi, amma yaƙi da hukuncin kisa da kullen kaɗaici ya cinye mata ƙuruciya. Ranar bikin a Oslo kujerarta babu kowa a kai. Tagwayenta, Kiana da Ali, su suka karanta jawabin da aka fito da shi a ɓoye daga kurkuku. Shekarunsu 17 a ranar, kuma tun suna 'yan shekara 8 rabon da su sa uwarsu a ido.