Ƙanƙarar ranar haihuwa: a kula da ɗaukewar wuta

A gidanmu ba ma sayen kek ranar haihuwar yara, ƙanƙarar ayaba muke yi. Yarana sun riga sun sani, da zarar sun ga ayaba a firiza, to wani zai ƙara shekara.

A ɓare nunanniyar ayaba guda 4, a yayyanka, ta kwana a firiza. Da safe a markaɗa ta da kofi 1 na kindirmo mai tsabta, a zuba a ƙananan kofuna, a mayar ta daskare. Zaƙin ayabar ya wadatar, ba sai an ƙara sukari ba.

Sai dai a kula da wuta. Bara an ɗauke mana ita, ƙanƙarar ta narke ta wuni a haka, ni kuma na sake daskarar da ita don gudun asara. Autana ya sha, ya kwana yana gudawa. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Duk abin da aka haɗa da nono, in ya narke har ya yi ɗumi, a zubar. Gara asarar ayaba da kwanan asibiti.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.