Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Bai Kamata Bankuna Su Yi Gaggawar Rushe Tsofaffin Kwamfutocinsu Ba

Matashin da ke sauya waya duk bayan shekara biyu zai yi mamaki idan ya ji cewa manyan bankuna da kamfanonin inshora da dama a Amurka da Turai har gobe suna dogara ne da manhajar da ta girmi iyayensa. Sunanta CICS. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1960, tana kuma aiki a kan manyan kwamfutocin nan da ake kira menfirem. Aikinta shi ne kula da hada-hada, kamar cirar kuɗi ko biya da kati, ta tabbatar kowace ta kammala gaba ɗaya ko an soke ta gaba ɗaya.

Matsalar tsohon tsarin ita ce shiru. Yakan rubuta abin da ya faru a rumbun bayanai, sai dare ya yi a tattara aikin yini a duba. Mai wayar zamani kuwa ba ya jiran dare. Da kuɗi sun fita daga asusunsa yake son ganin alat, kuma idan ɓarawo ne ya cire su, yana son a tare shi nan take.

Wasu na ganin mafita ita ce a rushe komai a gina sabo. Wannan kuskure ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a koya wa tsohon tsarin magana, kuma tun 2009 aka samar da hanyar hakan a cikin CICS 4.1.

Ga yadda ake saita ta. Da farko masu kula da harkar kasuwanci za su fayyace abin da suke son sani da zarar ya faru, misali cirar kuɗin da ta haura wani adadi. Sai injiniya ya buɗe manhajar CICS Explorer ya nuna daidai gaɓar da za a sa ido, kamar lokacin da ake rubuta sabon lissafi a fayil ɗin asusu. Zai saka sharaɗin tacewa, ya zaɓi bayanan da za a ɗauka, wato lambar asusu da adadin kuɗi, sannan ya nuna hanyar da saƙon zai bi, ko ta layin saƙonni na IBM MQ ko ta HTTP. Daga nan wata manhaja ta karɓa, ta tura alat ko ta sanar da masu farautar 'yan damfara. Duk wannan ba tare da an taɓa layi ko ɗaya na tsohuwar manhajar COBOL da ta shekara talatin ko arba'in tana aiki lafiya ba.

Mai ganin wannan tsoron canji ne kawai, ya tuna da bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilun 2018 bankin ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a lokaci guda. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin bayanan asusun wasu. Shugaban bankin ya sauka a watan Satumba, a 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Gaskiya ne menfirem na da tsada, masanansa kuma suna ta ritaya. Haka nan saitin kansa yana buƙatar hankali. Idan aka sa ido a kan komai, saƙonni za su yi yawa har mai muhimmanci ya ɓace a cikinsu. Akwai kuma zaɓin da ke hana saƙo fita sai hada-hadar ta kammala. Injiniyan da ya manta da shi zai iya jawo a tura alat na kuɗin da aka soke turawa, ɗan kasuwa ya miƙa kaya a banza. Amma waɗannan kurakurai ne da ake gyarawa a saiti, ba irin waɗanda ke rufe banki na makonni ba.

Akwai darasi a nan ga matasa masu koyon rubuta manhaja. A Afrilun 2020, lokacin korona, sai da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aikin yi ya kasa ɗaukar yawan masu nema. Kowa na rububin koyon manhajar waya, amma wanda ya iya haɗa wayar da tsohuwar na'urar da ke riƙe da kuɗin jama'a ba zai rasa mai nemansa ba.