Sabis ɗin gonakin Bunkure na buƙatar awon 'yan gida

Manomin shinkafa a Bunkure da ke jiran alat ko kiran dillali daga Kura, ƙarfin sabis ɗinsa ya dogara ne da lissafin da aka yi tun kafin a kafa turken sadarwa. Injiniyoyi kan fara gwada yadda igiyar rediyo za ta bazu a cikin kwamfuta. Sai dai fili ba shi da bango, taswirar kwamfuta kuwa tana da iyaka. Igiyar da ta kai bakin taswirar sai ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta ɓata sakamakon. A 1994 Bafaranshe Jean-Pierre Bérenger ya fito da dabarar PML, wani gefe na lissafi mai shanye igiyar kada ta dawo. Da ita ake gwada eriyar waya kafin a ƙera ta.

Wajen hasashen iyakar inda sabis zai kai kuwa, an daɗe ana amfani da tsarin Okumura-Hata na 1980, wanda aka gina kan awon da aka yi a Tokyo. Bunkure daban take. Ruwan dam ɗin Tiga yakan kwanta a gonaki har da rani, kuma ruwa yana mayar da igiya, jiƙaƙƙen ganye yana rage mata ƙarfi.

Wayar Android tana nuna ƙarfin sabis da ma'aunin dBm. Ya kamata ɗaliban injiniya na BUK da jami'ar Wudil su haɗa kai da matasan yankin, su auna gona-gona, su gyara lissafin, su miƙa wa NCC da kamfanonin sadarwa.