Mun Yi Addu'ar Tafiya, Amma Mun Duba Ƙafar Motar?

Yau zancenmu zai kai mu ƙarƙashin mota, domin akwai wata 'yar roba a can, wata ma ba ta fi ƙwan kaza girma ba, amma rayukan iyalanmu suna dogara da ita. Makanikai suna kiranta bushin.

Kwanakin baya wani dattijon ekklisiya ya rage mini hanya daga Jos zuwa Akwanga, za mu ɗaurin aure. Matarsa da yaransa uku suna baya. Kafin mu tashi ya cire hula, ya yi addu'ar tafiya mai kyau, dukanmu muka ce amin. Tun daga ramin farko na fara jin wani gwaram-gwaram a ƙafar gaba ta dama. Da muka kama gangaren Hawan Kibo ya taɓa birki, sai motar ta fizge gefe, ya maido ta da ƙarfin hannu. Na ce, "Baba, ƙarar nan fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai ta daɗe tana yi, Malam. Ubangiji yana tsaro."

Mun isa lafiya, mun gode wa Allah. Amma da na durƙusa na leƙa tayar, gefenta na ciki ya cinye har waya ta fito. Tun daga ranar abin yake damuna, domin na san ba Baba kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu haka muke hawa hanya.

Bari in ɗan bayyana aikin bushin. Tayar mota tana haɗe da jikin motar ta wurin wasu hannuwan ƙarfe. A kowace mahaɗa an sa roba, domin ƙarfe kada ya goga ƙarfe, domin kuma ta shanye girgizar hanya, ta riƙe tayar daidai inda ya kamata ta tsaya. Zafin rana, da ramuka, da lodi fiye da kima, da baƙin mai da ke ɗiga daga inji suna cinye robar nan har ta tsattsage. In ta mutu, tayar ta sami wurin wasa. Alamun a fili suke: ƙara a kan rami, sitiyari yana yawo, mota tana ja gefe in an taka birki, taya tana cinyewa ɓari ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga robar kuɗi kaɗan, asarar takan haura kan taya, da shokazoba, wani lokaci har kan rai.

Ban raina addu'a ba, Allah ya sawwaƙe. Amma mu tuna da dokar da ke cikin Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8, inda aka umarci mai gina sabon gida ya kewaye bakin rufinsa da ɗan bango, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Allah mai iko ne ya tare mai faɗowa, duk da haka ya ɗora wa mai gida aikin ginin. Mu tuna kuma a Matiyu sura 4, sa'ad da Shaiɗan ya zuga Ubangijinmu ya diro daga kan Haikali, ya ƙi, ya nuna cewa wannan gwada Allah ne. Wanda ya ji ƙarar nan wata shida, ya ƙara murya a rediyo don kada ya ji ta, sa'an nan ya ɗebi iyalinsa ya hau hanya, ya tambayi kansa ko bangaskiya yake yi ko gwaji.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai mota yana lissafi kafin ya tayar da inji, kuma duk gyaran da bai hana mota tafiya ba sai a ce gobe. To, a nan ne nake da ra'ayi. Wani sashe na aikin nan mutum zai iya yinsa a ƙofar gidansa ranar Asabar da safe, kuma ya kamata ya koya. Ba abin kunya ba ne malamin makaranta ko ma'aikacin ofis ko fasto ya ɓata hannu da baƙin mai. Mai Cetonmu masassaƙi ne, Manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti ya ci abinci.

Mafi sauƙi shi ne bushin sitabilaiza, wato sandar ƙarfen nan da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don kada mota ta yi tangaɗi a kwana. A yawancin motoci ƙusa biyu ne ke riƙe da maɗaurin. Ka kwance su da sifana, ka zare tsohuwar robar, ka goge sandar, ka sa sabuwa, da ma a tsage take ta gefe ɗaya, ka mayar da maɗaurin ka ɗaure. Sau da yawa ƙarar da ta hana mutum sakewa daga nan take.

Na hannun da ke riƙe da taya daga ƙasa, wanda ake kira lowa am, ya fi wuya, domin matse shi aka yi cikin ƙarfen. Za ka gane ya mutu in ka sa liba ka ɗan banƙara hannun ka ga yana motsi da yawa, ko ka ga robar ta rabu da ƙarfenta. Sai an cire hannun gaba ɗaya. Mai haƙuri yakan tura tsohon waje ya jawo sabon ciki da doguwar ƙusa mai noti, da manyan washa, da guntun bututun ƙarfe. In ya gagara, ka ɗauki hannun ka kai wa mai injin matsewa, ka biya kuɗin wannan kaɗai. Kafin ka cire tsohon, ka yi alama yadda ya fuskanta, domin waɗansu suna da gaba da baya.

Ga waɗansu abubuwa da nake roƙo kada a manta. Ka yi aikin a kan ƙasa mai tauri wadda ba gangare ba, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya, ka sassauta notin taya kafin ka ɗaga motar. Kada ka kuskura ka sa kanka ko hannunka a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka tokare ta da ƙafar ƙarfe da aka yi don haka, ko gungumen katako mai ƙarfi. Bulon siminti yakan farfashe ba sallama. Kada ka shafa wa sabuwar roba giris ko baƙin mai, suna cin roba. Ruwan sabulu ya isa. Ka canza dama da hagu tare. Ƙusoshin lowa am kuwa, kada ka yi musu ɗaurin ƙarshe sai nauyin motar ya sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ba da daɗewa ba ta yage. Bayan haka ka kai motar a yi mata alaimen.

Game da saye, ko a Panteka ta Kaduna, ko Dilimi ta Jos, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da tsohon a hannunka a gwada. Za a nuna maka na kamfani, a nuna maka na gwanjo, a kuma nuna maka wanda aka yanka daga tsohuwar taya. Araha ba ta ado. Na gwanjo ya riga ya ci rabin ransa a wata ƙasa, na taya kuwa ba a auna taurinsa don motarka ba.

Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk aikin da zai kai ka ga kwance sifirin, ka bar shi, domin sifirin da ke matse in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. In ƙusa ta yi tsatsa ta ƙi, ko ka kwance ka rasa yadda za ka mayar, ka kira makaniki. Tawali'u ne, ba kasawa ba.

Wani zai ce ina so in cire wa 'yan'uwanmu makanikai abinci daga baki. Ko kaɗan. Makanikin kirki ya fi jin daɗin mai motar da ya san abin da ke damun motarsa, wanda yake zuwa da wuri, ba ya gardamar kuɗin aiki, ba ya kuma cewa a ɗaure da roba a lallaɓa.

A ƙarshe ina kira ga dattawa da kwamitocin ekklisiyoyinmu. Motar majami'a ita ce ke ɗaukar Zumuntar Mata zuwa taro, da 'yan kwaya, da 'yan Sabon Rai zuwa ƙauyuka inda hanya ba ta da kyau. Direba yakan kawo ƙara, a ce a jira zaman kwamiti na gaba. Mukan sami kuɗin fenti da na rubuta sunan ekklisiya a jikinta, ƙafarta kuwa ba mai leƙawa. Kusan kowace majami'a tana da makaniki a cikin membobinta. Me zai hana a ware Asabar ɗaya kafin tafiye-tafiyen Kirsimeti, a biya shi haƙƙinsa, ya duba motar majami'a, ya kuma nuna wa matasa da iyayensu yadda ake gane mataccen bushin?

Shi Baba, na koma na same shi, muka shimfiɗa buhu a ƙofar gidansa, babban ɗansa yana miƙo sifana. Na sitabilaiza muka canza da kanmu, hannuwan kuwa muka kai aka matse. Yanzu ma yana cire hula ya yi addu'a kafin ya tashi, kuma haka ya kamata.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba mu hikimar kula da abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.