Ra'ayinmu: Ciwon Fargaba da Maganar Hifnosis

Akwai wani ciwo da ke cin jama'armu a ɓoye, wanda ba kasafai ake ambatarsa a lokacin roƙon addu'a ba. Mai ciwon ƙafa yakan tashi a majami'a ya faɗi damuwarsa, haka ma mai hawan jini, amma wanda gabansa ke faɗuwa dare da rana ba tare da ya ga abin tsoro ba, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, gudun kada a ce bangaskiyarsa ce ta raunana. Wannan shi ne ciwon fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 301 ne ke fama da shi a faɗin duniya, kuma kusan mutum ɗaya ne kawai cikin huɗu ke samun jinya. A yankunanmu kuwa, inda mutane suka kwana a daji saboda 'yan bindiga, suka binne 'yan'uwa, suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa, ba sai an yi mana ƙidaya ba kafin mu san yawansa.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Cikin abubuwan da ake miƙa wa masu wannan ciwo a yau akwai wata jinya da ake kira hifnosis, wadda matasanmu ke cin karo da tallarta a wayoyinsu. Tambayar da ke biyo baya ita ce: wannan abu magani ne, ko kuwa tsafi ne ya sa rigar likita? Tambaya ce mai nauyi, gama idan muka amsa ta da jahilci, ko dai mu hana mara lafiya abin da zai taimake shi, ko kuma mu tura shi hannun macuta.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1778 wani likita Bajamushe mai suna Franz Mesmer ya sauka birnin Paris yana da'awar cewa akwai wani ƙarfi mai kama da maganaɗisu da ke gudana a jikin mutum, kuma shi yana iya sarrafa shi ya warkar da cuta. Jama'a suka yi ta tururuwa wurinsa, wasu na faɗuwa, wasu na shure-shure. A shekarar 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamitin masana, har da Benjamin Franklin a ciki, don su binciki lamarin. Suka ɗaure wa mutane idanu suka gwada, sai suka tarar mutum yakan faɗi ne idan ya zaci an yi masa aikin, ko da kuwa ba a yi masa kome ba, idan kuma aka yi masa bai sani ba, ko gezau ba ya yi. Hukuncinsu shi ne babu wani ƙarfin ɓoye, tunanin mutum ne ke aiki a jikinsa. Daga baya wani likitan fiɗa a birnin Manchester, James Braid, ya nuna cewa idan mutum ya ƙura wa abu ɗaya ido, ya tattara hankalinsa wuri guda, yakan shiga irin wannan yanayi ba tare da wani ya zuba masa kome ba. Shi ne ya yaɗa sunan a littafinsa na 1843, daga kalmar Helenanci mai ma'anar barci, ko da yake wanda ake yi wa ba barci yake yi ba.

To, yaya ake yinta a asibiti? Mai jinya yakan zaunar da mara lafiya, ya sa shi ya sassauta numfashi, ya saki jiki, ya sa hankalinsa a kan abu guda. Idan ya natsu ƙwarai, sai a riƙa faɗa masa kalmomin da suka riga suka yarda da su tun farko, misali yadda zai shiga mota ko ɗakin jarrabawa zuciyarsa a kwance. Hikimar da ke ciki ita ce, fargaba kan zagaya ne kamar jakin da aka ɗaure a turke: tsoro ya sa zuciya bugawa, bugun zuciya ya sa mutum ya zaci mutuwa ce ta zo, wannan zato kuma ya ƙara tsoro. Idan aka koya wa jiki natsuwa, aka koya wa tunani wata hanya dabam, zagayen yakan tsinke. Mutum yana jin duk abin da ake faɗa, yana iya ƙin abin da bai so, yana kuma iya buɗe ido ya tashi. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai, ba a iya yi masa.

Game da amfaninta, akwai shaida. Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da yin amfani da ita a wasu fannonin jinya tun 1955. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Amurka a kan mutane 241 da ake yi wa aiki a jijiyoyin jini da ƙoda, inda waɗanda aka taimaka musu da hifnosis suka fi samun sauƙin tsoro da zafi, suka kuma buƙaci maganin kashe zafi kaɗan. A 2007 wani binciken a kan mata 200 da za a yi wa fiɗa a nono ya nuna cewa zaman minti 15 kafin fiɗa ya rage musu zafi, tashin zuciya da gajiya. A 2019 kuma masana suka tattara bincike 15 a kan fargaba kanta, suka ga tana ragewa, amma ta fi aiki idan aka haɗa ta da wata jinyar.

Amma fa kada a ɗora wa abin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ba kowa take kamawa daidai ba: mutane kaɗan ne ke shiga wannan natsuwa da sauƙi, wasu kaɗan kusan ba sa shiga sam, galibi kuwa suna tsakiya. Shaidarta ta fi ƙarfi a kan tsoron da ke da sanannen dalili, kamar tsoron fiɗa ko cire haƙori. Ga fargabar da ta daɗe tana cin mutum, abin da likitoci suka fi dogara da shi har yanzu shi ne jinyar tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a, da kuma magungunan da likita ya rubuta. Hifnosis 'yar rakiya ce kawai.

Akwai kuma haɗari guda uku da ya wajaba mu faɗa ba ɓoye-ɓoye. Na ɗaya, ba a yi wa mai ciwon taɓin hankali irin wanda ke sa jin muryoyi ko gane-gane, domin tana iya ƙara masa ciwo. Na biyu, ba abin dogara ba ce wajen tono abin da aka manta. An tabbatar cewa tana iya sa mutum ya tuna abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma rantse a kansa. A Amurka, cikin shekarun 1980 da 1990, iyalai da dama sun tarwatse saboda irin wannan tunin ƙarya. Mu da muka san yadda zargin maita ke raba gida ya kamata mu fi kowa tsoron wannan ƙofa. Na uku, sunan mai hifnosis suna ne da kowa zai iya liƙa wa kansa. Ko a Birtaniya doka ba ta tilasta wa mai yinta wani takamaiman horo ba, balle wanda ya yi kwas na kwana uku a intanet ya buga takardar shaida. Kada garin neman gira a rasa ido.

Yanzu sai batun bangaskiya. Ikkilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Cikin shekarun 1950 Paparoma Pius na 12 ya bayyana cewa likita na iya amfani da ita don jinya, amma ya gargaɗi masu wasa da ita da waɗanda ba su ƙware ba. Wasu ɗarikoki kuwa, kamar 'yan Adventist, sun daɗe suna ƙin ta, suna cewa bai kamata mutum ya miƙa ragamar tunaninsa ga wani ɗan adam ba. Wannan damuwa ba ta banza ba ce, ba kuwa za mu raina mai ita ba.

Namu ra'ayin shi ne a duba abin da ake yi a cikin ɗakin, kada a tsaya ga suna. Abin da Littafi Mai Tsarki ya hana a Maimaitawar Shari'a sura 18 shi ne duba, sihiri, da neman shawarar ruhohi da matattu. Ma'aikacin lafiya da ke koya wa mara lafiya sassauta numfashi bai kira wani iska ba, bai yanka kaza ba, bai girka kowa ba. Amma duk wanda ya ce zai mayar da kai wata rayuwa da ka yi kafin a haife ka, ko zai haɗa ka da ruhun kakanninka, ko zai nuna maka wanda ya yi maka asiri, wannan boka ne ko da ya rataya abin awon ƙirji a wuya. A guje shi. Wanda kuma lamirinsa bai kwanta da hifnosis ba, ko da ta asibiti ce, kada a matsa masa, gama akwai wasu hanyoyin jinya masu inganci. Shi ma kada ya hukunta ɗan'uwansa da likita ya yi wa.

Sabili da haka muna ba masu karatu shawara kamar haka. Duk wanda faɗuwar gaba, rashin barci, rawar jiki ko ƙuncin numfashi suka dame shi makonni, ya fara da asibiti a auna shi, domin ciwon maƙoƙo, ƙarancin jini da ciwon zuciya duk sukan zo da irin waɗannan alamu, yawan cin goro da shan kofi kuma na iya tsananta su. Kada ya sayi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, gama irinsu Valium da wuya a rabu da su in jiki ya saba. Idan an ba shi shawarar hifnosis, ya tambayi mai yin ko likita ne ko masanin halayyar ɗan adam mai rajista, ya nemi a bayyana masa abin da za a faɗa masa tun kafin a fara, ya kuma tafi da wani nasa, musamman idan mace ce. Wanda ya yi alkawarin warkarwa a zama ɗaya, ko ya ce a daina shan maganin asibiti, maƙaryaci ne.

Mun sani likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Duk da haka akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma sassa a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Muna kira ga gwamnati ta fitar da ita daga takarda ta kai ta asibitocin karkara.

Kiranmu na ƙarshe ga fastoci ne, da dattawa, da shugabannin zumuntar mata da matasa. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu jeji don tsoro har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. Mu daina ce wa mai fargaba zunubinsa ne ko ƙarancin addu'arsa. Mu yi addu'a tare da shi, mu zauna mu saurare shi, mu riƙe sirrinsa, in ta kama mu haɗa masa kuɗin mota zuwa asibiti. Idan ya samu wannan a cikin ikkilisiya, mai tallar waya ba zai same shi da sauƙi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.